Me ya haɗa gyaɗa da ɗorawa?

Tambaya: Malam, yarona ya dawo daga makaranta yana cewa wai gyaɗa da ɗorawa da tsamiya dangi ɗaya ne. Shekara talatin ina noma, ban ga abin da ya haɗa mai rarrafe a ƙasa da itacen da ake shan inuwarsa ba. Da gaske ne? Daga wani manomi a Gumel.

Amsa: Alhaji, yaronka ya yi gaskiya, Allah ya yi masa albarka. Masana tsirrai ba tsawo suke dubawa ba, fure da ɗa suke dubawa. Ka ɓare wake, ka ɓare tsamiya, ka ɓare ɗorawar da ake fitar da kalwa: duk kwanso ne mai ɗauke da 'ya'ya a jere. Wannan kwanson shi ne shaidar dangin da ake kira Fabaceae, mai nau'i sama da 19,000, na uku a yawa cikin tsirrai masu fure. Gurjiya da waken suya da gawo suna ciki, haka bagaruwar majema da baban da ake rini da shi a Ƙofar Mata.

Gyaɗa ce mai rikita mutane. A sama take yin furenta rawaya, mai siffa irin na wake, sannan ta tura wani tsinke cikin ƙasa, can kwanson yake girma. Asalinta ma daga Kudancin Amurka ne.

Furannin 'yan dangin kam sun bambanta, ka tuna jan tulluwar da ke reto a ɗorawa. Shi ya sa aka kasa dangin gida uku a da, a 2017 kuma aka mayar da shi gida shida.

Abin da ya fi burge ni yana cikin saiwa. Wake da gyaɗa da gawo suna da 'yan ƙuraje a saiwarsu, inda wasu ƙwayoyin halitta ke zaune suna janyo sinadarin naitirojin daga iska, wato abin da kake saye a buhun yuriya. Ba duka dangin ke da wannan baiwa ba, amma ita ce dalilin da gero ke kyau a gonar da aka noma wake bara.

Idan damina ta kankama, ka tuge wake ɗaya a gaban yaron, ku fasa ƙurjin da farce. In cikinsa ja-ja ne, yana aiki.