Hukuncin wanda jiri ya kama a filin ƙwallo yana azumi

Tambaya: Malam, muna atisayen ƙwallo bayan La'asar a watan Ramadan. Ran nan jiri ya ɗebe ni, idona ya rufe, abokai suka ba ni ruwa na sha. Ramuwa zan yi ko kaffara? Kuma dole ne in bar ƙwallon?

Amsa: Motsa jiki halal ne, da azumi ko babu. Annabi (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha, kuma Muslim ya ruwaito cewa mumini mai ƙarfi ya fi soyuwa ga Allah kan mai rauni.

Amma ɗana, sai ka fahimci abin da ya kayar da kai, don hukuncin yana tattare da shi. Tuwo ko kunun da ka sha da sahur, ciki yana mayar da shi sukari. Abin da jiki bai ƙona nan take ba sai ya adana shi a matsayin gilaikojin, wato sukarin ajiya, kimanin giram 100 a hanta, kusan 400 a tsoka. Hanta ce ke tsiyayo nata a hankali cikin jini don ƙwaƙwalwa ta samu. Daga asuba zuwa La'asar rumbun nan ya riga ya ragu. To gudun ƙwallo, wanda ake fizga da ƙarfi, sukarin nan yake ci. Kitse ma makamashi ne, yana da yawa, sai dai jiki ba ya iya ƙona shi da sauri. Ya fi amfani a tafiya ko sassarfa. Ga zufa kuma, a zafin rana mutum kan zubar da lita guda cikin awa ɗaya. Ruwa ya ragu, sukari ya ragu, ina jiri ba zai zo ba?

Malaman Malikiyya sun ce wanda ya ji tsoron halaka ko cuta mai tsanani, wajibi ne ya karya azumi, kuma ramuwa ce kawai a kansa. Idan halin da ka shiga ke nan, rana ɗaya za ka rama, babu kaffara. Ƙishirwar da aka saba ji kuwa ba uzuri ba ce. Wanda ya sha da gangan saboda ita, ramuwa da kaffara sun hau kansa.

Inda zan ja kunnenka: yanzu ka san abin da gudun La'asar yake yi maka. Komawa gare shi gobe jefa kai cikin halaka ne, abin da aya ta 195 a Suratul Baƙara ta hana, kuma ƙwallon unguwa ba sana'ar da kake ci da iyali ba ce. Ku mayar da atisayen bayan Tarawihi. Dabinon buɗa-baki da ruwa sun shiga jini, abinci ya kwanta. Ka jinkirta sahur kamar yadda sunna ta koyar, ka haɗa da wake ko ƙwai.

In kana da ciwon sukari, kada ka koma fili sai ka ga likita.

Wallahu a'alam.