Bar wa lauya "to wit" ɗinsa

Ka tambaye ni ko "to wit" da ka gani a takardar tuhumar nan kuskure ne, ko ka mai da shi "to with". A'a ɗana, buga shi yadda ka same shi. Da ka gyara, da kai ne ka ɓata takardar.

"Wit" tsohon aikatau ne na Ingilishi, ma'anarsa sani. Tun kafin Normandawa, mutanen arewacin Faransa, su ci Ingila a 1066 ake amfani da shi, a lokacin "witan" ake cewa, kuma ɗan'uwansa "wissen" yana nan da ransa a Jamusanci. Sarrafa shi ma sai wanda ya iya: "I wot" na nufin na sani, in abin ya wuce kuma a ce "I wist". Duk wanda ya buɗe Baibul ɗin Ingilishi na zamanin Sarki James, wanda ya fito a 1611, zai ci karo da su. A Littafin Fitowa, inda Bani Isra'ila ke cewa ba su san abin da ya sami Annabi Musa ba, "we wot not" aka rubuta. Sannu a hankali "know" ya ƙwace masa aiki, har aka daina jin sa a bakin mutane. Ya dai bar baya: "witness" da muke bugawa kullum a ƙasan yarjejeniya daga gare shi ya fito.

Lauyoyi kuwa ba sa yar da tsohon kaya. Da can "that is to wit" suke rubutawa, suka gutsure shi ya koma kalma biyu, ya biyo dokar Ingila zuwa kotunanmu zamanin Turawan mulki.

Ka lura da inda yake zama. Sai an faɗi abu a dunƙule, sannan ya zo ya warware shi: "stole property, to wit, one motorcycle". An ce ya saci kaya, wane kaya? Babur ɗaya. In mai takarda ya tambaye ka, ce masa "wato" ne, ba ƙari. Waƙafi ko digo biyu da ke biye da shi, bi abin da lauyan ya sa.

Amma in kai ne ke tsara wa wani wasiƙar neman aiki ko ta koke, kar in ga ka cusa shi don burgewa, "namely" ya ishe ka. Ƙarasa bugawa ka kawo in duba kafin magatakarda ya tashi.