Digirin Injiniya a Kamfanin Mota: Gurbin da Ba a Saye da Kuɗi

"Ɗana yana ajin ƙarshe na sakandare a nan Birmingham. Ya kafe sai ya shiga Jaguar Land Rover ya yi digirin injiniya yana aiki, maimakon ya tafi jami'a kamar yayyensa. Babansa ya ce kanikanci ne aka yi wa kwalliya. Hankalina a tashe yake." Wata uwa.

Hajiya, ki kwantar da hankalinki, yaron nan ya san abin da yake yi. Tsarin da suke kira degree apprenticeship tun 2015 ake yin sa a Ingila. Kamfani ne ke ɗaukar yaro aiki da cikakken albashi, ya tura shi jami'a a wani ɓangare na lokacinsa, a ƙarshe jami'ar ta ba shi digiri na gaske da hatiminta. Jaguar Land Rover ya daɗe yana irin wannan da Jami'ar Warwick da ke Coventry, nan kusa da ku. Kuɗin makaranta kuwa ko kwabo ba zai biya ba, domin tun 2017 manyan kamfanoni ke zuba wani haraji na musamman don horar da masu koyon aiki.

Ki ajiye wa Alhaji lissafin a gabansa. Ɗalibi mazaunin Ingila da ya shiga jami'a a 2025 kuɗin karatunsa fam 9,535 ne a shekara, ban da haya da abinci. Yawanci bashi ake ci, bashin kuma da kuɗin ruwa, yana iya bin mutum shekara 40. Gidan da ke ƙyamar riba ya kamata ya fi kowa murna da wannan hanya.

Amma ki zaunar da shi ki faɗa masa ɗacin ma. Ma'aikaci zai zama, ba ɗalibi ba. Sa'ad da abokansa ke dogon hutun bazara, shi yana bakin aiki, da daddare kuma ga karatu na jiransa. Shekara 4 ko fiye za a yi a haka. Masu nema sun ninka guraben nesa ba kusa ba, akwai gwaji ta intanet da ganawa ido da ido, kuma in makinsa na lissafi a jarrabawar kammala sakandare ta A-level bai yi kyau ba, da wuya a kalle shi. Sannan harkar mota a Birtaniya ba ta zaune lafiya. Honda ya rufe masana'antarsa ta Swindon a 2021, ta Vauxhall a Luton ta rufe a 2025, shi kansa Jaguar Land Rover masu kutse sun tsayar masa da aiki na makonni a Satumban 2025. Saboda haka ya tambayi sashen da za a kai shi. Wanda ya koyi batir, lantarki da manhajar mota ya fi wanda ya tsaya kan injin fetur kasuwa gobe. Ya nemi Nissan a Sunderland da Bentley a Crewe su ma, ya kuma cika takardar neman gurbin jami'a ta UCAS a lokaci guda. Kada ya saki reshe ya kama ganye.

"Ina da babbar difloma a injiniyan makanika. Wani ejan a Abuja ya ce in kawo naira miliyan 5 ya samo min gurbin irin wannan a kamfanin mota a Ingila, har da biza. Babana zai sayar da fili." Matashi daga Kaduna.

Ƙanena, ka je yanzu ka riƙe hannun Baba. Filin nan kada a taɓa shi.

Wannan mutum ƙarya yake yi. Gurbin nan kyauta ake nema, kai tsaye a shafin kamfani ko a shafin gwamnatin Birtaniya, babu ɗan tsakiya ko ɗaya. Kuma ƙa'idar gwamnati kan kuɗin horarwar ta ce sai mai izinin aiki a can, wanda galibi ya riga ya zauna ƙasar shekara 3 kafin ya fara. Kai kana Kaduna. Ta ina ka shiga lissafin? Kamfanin da yaran unguwarsa ke layi a ƙofarsa, me zai sa ya aiko Abuja neman mai biya?

Abin nan yana ƙona min rai, domin salon ɗaya ne kullum. Za a nuna maka takardar ɗaukar aiki mai tambarin kamfani, wadda kowane yaro mai kwamfuta zai haɗa cikin rabin awa. Za a ce gurbi biyu ya rage, ka yi sauri. Za a ce ka tura kuɗi asusun wani mutum, ba na kamfani ba, kuma kada ka faɗa wa kowa saboda mahassada. In ka biya kashin farko sai a ɓullo da kuɗin likita, sai na inshora, sai na "sakin takarda", har ranar da lambar za ta daina shiga. Haka aka yi wa ɗimbin 'yan Najeriya da sunan aikin kula da tsofaffi: wasu sun biya miliyoyi ba su ko ga filin jirgi ba, wasu sun isa can suka tarar babu aikin. Abin takaici, wanda ke kawo ejan ɗin sau da yawa ɗan'uwa ne ko abokin masallaci, shi ma yaudararsa aka yi, sai kunya ta hana a yi tambaya. Mutumin da zai kwana uku yana taya buhun masara, ya zagaya kasuwa ya dawo, shi ne zai miƙa kuɗin gado ga wanda bai san gidansa ba, don kawai an ambaci Landan. Ka ce ya ba ka adireshin aikin a shafin kamfanin kansa, ka kuma ce ba za ka biya komai ba sai ka rubuta wa kamfanin da hannunka. Ka ga yadda fuskarsa za ta sauya.

In da gaske mota kake so, kana garin da Peugeot ya fara haɗa motoci tun 1975. Ka ƙware a gano matsalar mota da kwamfuta da gyaran lantarkinta, ka ɗora digiri a kan diflomarka. Kaɗan daga cikin kuɗin nan ya ishe ka na'ura da kayan aiki.

"Shin suna ba masu koyo Range Rover kyauta?" Ba suna.

A'a. In wannan ce tambayarka ta farko, kada ka wahalar da kanka da neman gurbin.

"Ina digiri na biyu a Sheffield da bizar ɗalibi, kuɗi sun yi min wuya ƙwarai. Zan iya sauyawa zuwa wannan tsari?" Wata ɗaliba.

Ƙanwata, na tausaya miki, amma wannan ƙofa ba za ta buɗe miki ba. Bizarki aikin awa 20 kawai ta yarje miki a mako lokacin karatu, wannan kuwa cikakken aiki ne, ga kuma sharaɗin zama na shekara 3. Ki je ofishin taimakon ɗalibai na jami'arki tun kafin bashi ya taru, ki nemi a rarraba miki biyan, ki tambayi tallafin masu ƙunci. Kada ki wuce awanninki ko da mai aiki ya ce ba wanda zai sani, domin bizar ce za ta tafi. Ki daure ki gama, sannan ki nemi guraben da kamfanonin motar ke warewa don waɗanda suka riga suka kammala digiri, kina duba tun farko ko suna ɗaukar nauyin biza.