Admin ya ce sai na biya kafin ya mayar da ni guruf

Tambaya: Salam malam. Ni mai shayi ne a Agege, ina cikin wani guruf na Telegram da ake tura finafinan Hausa da fassarar Indiya kyauta. Na yi ƙorafi kan wata tallar caca sai aka cire ni, da na bi admin ɗin ya ce in tura dubu biyu ya mayar da ni, alhali cewa suke aikin sa kai suke yi. Wannan ba cin hanci ba ne? Ina zan kai ƙara?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Cin hanci ne, kuma kar ka tura ko sisi.

Ka ga admin ba albashi gare shi ba, amma shi ke cire mutum, shi ke mayarwa, shi ke maƙala saƙo a sama kowa ya gani, kuma guruf ɗin Telegram yana ɗaukar mutum har 200,000, to wanda ke riƙe da ƙofar taro irin wannan babu mai duba shi ai dole masu talla su neme shi. Dubu biyunka ƙaramin abu ne. Babban kuɗin yana wajen masu caca da masu "zuba dubu goma ka kwashi ashirin", irin MMM da ta rushe da kuɗin mutane a 2016. Shi ya sa aka cire ka, ka taɓa inda ake ci.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ya karɓi kuɗi ba ya duba me zai saka. Ina gyaran waya a Computer Village, Ikeja, kwanaki wani bawan Allah ya kawo min wayarsa hannunsa na rawa, ya sauke wata manhaja daga saƙon da admin ya maƙala wai ta kallon fim ce, ta nemi izinin karanta saƙonni ya danna mata, ashe lambar da banki ke turowa take kwashewa. Kuɗin haya ne a akawun ɗin wallahi.

Maganar ƙara kuwa, nan gizo ke saƙar. Guruf ɗin kansa a kan kayan sata yake, kwafar finafinan mutane ba izini da ake yi a faifai a kasuwar Alaba ta Legas ita ce ta dawo waya, kuma admin ya san ba za ka je ofishin 'yan sanda da wannan ba. Wanda ke da hurumi shi ne mai fim ɗin, dokar haƙƙin mallaka da Buhari ya sa wa hannu a 2023 ta ba shi damar neman a sauke kayansa daga intanet, ko ya kai wa NCC, wato hukumar kare haƙƙin mallaka ta Najeriya.

Kai dai ka kai rahoton guruf ɗin a cikin Telegram, ka goge duk manhajar da ka sauke daga can, ka canza lambar sirrin bankinka yau ɗin nan. Finafinan Kannywood da yawa masu su da kansu suke sakawa a YouTube, ka nemi tashoshinsu.