Tambaya da Amsa: Lemon Tsiron Dawa a Gida

Tambaya daga wani matashi a Ringim: Assalamu alaikum. Na ga bidiyon Turawa suna dafa tsiron sha'ir da wani fure mai ɗaci da suke kira hof, an ce mini giya suke yi. Za a iya bin wannan hanya da dawarmu a samu lemo irin su Maltina, wanda babu barasa a ciki?

Amsa: Wa alaikumus salam. Abin da ka gani giyar sha'ir ce mai hasken launi, irin wadda garin Burton na Ingila ya yi suna da ita a ƙarni na 19. Amma ruwan zaƙin da ake tacewa daga tsiro ba shi da barasa. Sai an zuba masa yis ya kwana bakwai zuwa goma sha huɗu yana cin sukarin sannan ya zama giya. Mu kafin yis muke tsayawa, domin abin da ya wuce nan haramun ne, kuma doka ta hana a Kano da Jigawa. Dawa kuwa tana yi sarai. Lokacin da gwamnatin tarayya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kanta kamfanonin lemo suka koma.

Ka samu farfara ko ƙaura ta bana. Kada ka kusanci irin shuka mai jan magani. Naɗe ƙwaya 100 a jiƙaƙƙen tsumma, in 90 ba su tsira ba cikin kwana uku, canza dawa. Wanke ta, ka jiƙa awa 24, kana sauya ruwa duk awa 8, kuma a kowane sauyi ka bar ta ta tsane na awa ɗaya ta sha iska. Baza ta a kan jiƙaƙƙen buhun algarara a inuwa, kaurinta kada ya wuce yatsu uku, ka rufe da wani buhun. Yayyafa ruwa ka juya safe da yamma har kwana huɗu. Sai ka shanya a rana kwana biyu ko uku, har ƙwayar ta riƙa ƙaras a haƙori.

Ga inda ba a wasa: murje saiwar da tohon kaf, ka sheƙe, ka bakace. Tohon dawa yana da gubar sayanayid, ita ce ke kashe dabba in ta ci ɗanyen gyauro. Kada ka zuba wa kaji ko awaki abin da ka sheƙe.

Wajen dahuwa ne dawa ta sha bamban da sha'ir. Sitacin sha'ir yana narkewa a zafin digiri 65, daidai inda sinadaran tsiro masu mayar da sitaci sukari suke aiki, shi ya sa Bature yake jiƙa nasa a tukunya ɗaya ya gama. Sitacin dawa sai ya haura digiri 70 yake narkewa, a wannan zafin kuma sinadaran sun fara mutuwa. Mafita ita ce a raba su. Ɓarza kilo 1 na tsiro, kada ya zama gari. Zuba shi a lita 4 na ruwa mai ɗumi, ka juya, ka bari minti 30 ya kwanta. Tsiyaye ruwan sama, kamar lita 2, ka ajiye gefe, don sinadaran suna cikinsa. Ɗora mai kaurin a wuta kana tuƙawa har ya tafasa na minti 10. Sauke, ka bari tururin ya lafa na minti 5, sannan ka juye ruwan da ka ajiye gaba ɗaya kana juyawa da sauri. Zafin da ake so digiri 63 zuwa 66 ne. Ma'aunin zafi na girki za ka nema, na asibiti a 42 yake tsayawa.

Rufe tukunyar, ka naɗe ta da bargo awa ɗaya da rabi. Za ka tarar kaurin ya tsinke, ruwan ya yi zaƙi. Ɗiga kaɗan a farin faranti ka sa masa ɗigon aidin: in ya yi baƙi-baƙi da sauran sitaci, ƙara masa minti 30. Tace da mataci, ka ɗauraye dusar da lita ɗaya da rabi na ruwan zafi, ka haɗa, ka tafasa minti 30 tukunya a buɗe. In kana son launi da ƙanshi, soya gram 100 daga cikin tsiron a busasshen kasko kafin ɓarza. Kada ka wuce haka, soyayyen tsiro ba ya aikin zaƙi.

Shi furen hof sai ƙasashe masu doguwar ranar bazara, irin Jamus da arewacin Amurka, ba ya yi a wajenmu. Ɗan ɗacin da ke rage nauyin zaƙi za ka samu daga ganyen shuwaka biyu ko rabin namijin goro tun farkon tafasa. Citta da kanumfari kuwa sai saura minti 5 a sauke, in ba haka ba ƙanshin ya bi tururi.

Tambaya daga wata uwargida a Gwarzo: Tsirona yana yin funfuna da wari, kunun zaƙina kuma sai na cika masa sukari.

Amsa: Hajiya, ruwa ne ya yi yawa, ko kin tara dawar da kauri ta yi zafi a tsakiya. Ki sa hannu ciki: in ta fi jikinki ɗumi, ki baza ta ki juya. Hunturu ya fi dacewa da wannan aiki. Wanda ya yi funfuna kore ko baƙi ki zubar, wanki da dahuwa ba sa kashe gubarsa. Rashin zaƙi kuma daga zuba tsiron ne a kan ƙullu yana tafarfasa. Ki bari ya ɗan huce tukuna, ki haɗa da niƙaƙƙen ɗanyen dankalin Hausa, shi ma yana da sinadarin da dawa ke da ƙarancinsa.

Tambaya daga wani mai shago a Kazaure: Kwana nawa lemon yake yi a gora?

Amsa: Alhaji, a zafin bazara ko kwana ɗaya ba ya yi, domin yis da ke cikin iska da jikin mazubi yana kama shi da kansa. Sanyaya tukunyar a baho mai ruwan sanyi da zarar ka sauke, ka ɗura a gorunan da ka wanke da ruwan zafi, ka sa a firji ko kula mai ƙanƙara, a sha cikin kwana biyu. Kada ka toshe shi ka jera a kanta kamar na kamfani, su da na'ura suke kashe ƙwayoyin cuta bayan sun rufe kwalba. Gorar da ta kumbura, ko ta yi huci da kumfa da aka buɗe, ta fara juyewa. Zubar da ita.