Fatawa: Barin 'yan karamar sakandare su yanke shawara da kansu, tarbiyya ce ko sangarta?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya kara lafiya da nisan kwana. Ni malama ce a wata karamar sakandare nan Daura, ina rike da 'yan aji biyu, yara ne 'yan shekara 12 zuwa 14 wasu ma sun dan haura. To na dauko wata hanya, duk sati sai in kawo masu wani al'amari, kamar ace ka tsinci kudi bakin famfo, ko kawarki ta ce ki nuna mata amsa ana cikin jarabawa, sai in ce kowa ya fadi abinda zai yi da dalilinshi. Monita ma su suka zaba, dokokin aji tare muka rubuta. Shine wani uba ya zo har makaranta yana fada wai ina koya masu tsaurin ido, wai wannan akidar Turawa ce, a musulunci yaro umarni ake ba shi in ya ki a zane shi. Abun ya tsaya mani a rai Malam. Sannan akwai yarinyar da na ba ajiyar kudin da 'yan aji ke tarawa na tsintsiya da alli, ta taba wani abu ciki ta kashe, shin in tilasta iyayenta su biya? In kuskure nake a fada mani in daina.

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhamdu lillah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Malama kada ki daina. Abinda kike yi ya halatta, kai ni a wurina ya ma wuce nan, yana cikin nauyin da shari'a ta dora ma duk wanda aka ba kiwon yara, illa dai akwai iyaka wadda zan fada maki gaba. Shi kuma wancan uban kada ki rike shi a zuciya, tsoro ne ya kawo shi, yana ganin yadda yaran yanzu ke fitsare ma iyaye kuma tsoron nashi na kan hanya. Inda ya kuskure shine jingina ma musulunci abinda bai ce ba.

Mu fara duba su wanene wadannan yaran a idon shari'a. Hadisi ya zo wurin Abu Dawud da wasunshi cewa an dauke alkalami daga mutum ukku, mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, mahaukaci har ya dawo hankalinshi. To 'yan ajinki bakin wannan kofar suke tsaye, wasu ma sun riga sun shiga. Yarinyar da ta fara al'ada tana da 12 ko 13 mukallafa ce ana rubuta mata lada da zunubi, ko da mu muna ce mata yarinya. Abdullahi dan Umar ya ce an gabatar da shi ga Annabi (SAW) ranar Uhudu yana da 14 bai amince ya fita yaki ba, ranar Khandak yana da 15 ya amince, daga nan Shafi'iyya da Hanbaliyya suka dauki 15 a matsayin iyakar balaga ta shekaru, mu a Malikiyya mashahurin zance 18 ne in wata alama ba ta bayyana kafin nan ba. Ko wanne aka dauka, ranar da yaro ya balaga shi za a tambaya kan abinda ya zaba ya aikata, ba ubanshi ba, ba malamarshi ba. Wanda bai taba zaben komai ba tun tasowarshi sai dai a ce mashi yi ko bari, yaushe ya koyi abinda za a tambaye shi a kai?

Babbar hujja ta ita ce aya ta 6 cikin Suratun Nisa'i, inda Allah ya ce ku jarraba marayu har in sun isa aure, in kun ga shiriya tare da su to ku mika masu dukiyarsu. Ki duba jerin da kyau Malama, jarrabawar ita ce farko, tun kafin balaga, mika dukiyar na biyo baya. Allah bai ce a kulle dukiyar a hana yaro sanin komai sai rana guda a juye mashi ita gaba daya ba, haka kuma bai ce a sakar mashi tun yana karami ba. Imam Kurdubi, wanda dan mazhabarmu ne, ya kawo a tafsirinshi yadda ake wannan gwajin, cewa a ba yaro dan wani abu kadan ya juya, ko a bar mashi lura da cefanen gida na wata guda, waliyyi kuma na sa mashi ido don kada ya salwantar. Ashe kenan shari'a ta san zai iya kuskure, shi ya sa ta ce kadan, kuma ta ce a sa ido. Ayar kan dukiyar maraya ta sauka, amma in dukiya da ake iya mayarwa ta bukaci wannan horon, ina ga mutunci da addini da lafiyar yaro wadanda gobe shi kadai zai rike su? Zaben monita da rubuta dokar aji duk karkashin wannan "kadan" din suke.

Kuma maganar cewa ba a jin ta bakin yaro, sunna ba ta goyi bayanta ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Sahlu dan Sa'ad, kuma yana cikin Muwadda, an kawo ma Annabi (SAW) abin sha ya sha, a damanshi akwai yaro a hagunshi dattawa, sai ya nemi izinin yaron ya fara ba dattawan, yaron ya ce shi ba zai bar ma kowa rabonshi daga Manzon Allah ba, sai Annabi ya sa mashi kwaryar a hannu. Ya tambaye shi, yaron ya ki, kuma aka bar shi a kan zabinshi ba a ce ya yi rashin kunya ba. Annabi Ibrahim ma a Suratus Saffat aya ta 102, umarnin Allah ne a hannunshi amma sai da ya ce ma danshi duba ka gani me ka gani. Sai hadisin Abu Umama cikin Musnad Ahmad, wanda ya fi kama da abinda kike yi a aji, saurayi ya zo ya ce ya Manzon Allah yi mani izinin zina, mutane suka taso mashi, Annabi ya ce matso kusa, ya rika tambayarshi kana son a yi da mahaifiyarka? da diyarka? da 'yar uwarka? yana cewa a'a, yana ce mashi haka mutane ma ba su so, sannan ya dora hannu a kanshi ya yi mashi addu'a. Hukuncin bai motsa ba, haramun na nan haramun, amma sai da aka bi da saurayin har ya ga dalilin da kanshi.

To nan iyakar take, kuma ki rike ta da kyau don ita ce za ta raba aikinki da abinda uban ke tsoro. Zabi yana cikin abinda shari'a ta bari a bude ne. Abinda Allah da Manzonsa suka riga suka yanke ba a kada kuri'a a kanshi, aya ta 36 cikin Ahzab ta fadi haka karara. Saboda haka in kin kawo maganar satar amsa ki bari kowa ya fadi abinda ke ranshi har wanda zai ce shi kam zai nuna ma abokinshi don zumunci, kada ki kunyata shi, gara ya fada gabanki da ya boye, amma kada a tashi daga darasin a kan wai kowa da ra'ayinshi. A tashi a kan hadisin Muslim cewa wanda ya yi algus ba ya tare da ni. Tsintuwa ma haka, tana da hukunci, a san alamarta a yi cigiya shekara guda kamar yadda ya zo a hadisin Zaidu dan Khalid. In ba ki da tabbas kan hukuncin wani abu ki tambayi malamin addini na makarantar kafin ki shiga aji.

Ki kuma ba su ma'aunin da za su rika amfani da shi in ba ki kusa. Yana nan cikin Arba'una Hadis da yawancinsu suka haddace a Islamiyya, sai dai ba a cika nuna masu cewa na aiki ba ne. Hadisi na 11, bar abinda ke sa ka kokwanto zuwa wanda ba ya sa ka kokwanto, Hasan jikan Annabi ne ya ruwaito shi kuma yana yaro karami ya haddace shi. Na 27, zunubi shine abinda ya yi maka kai-kawo a rai kuma ka ki mutane su gani. Na 19, wanda aka fada ma Ibn Abbas yana yaro, ka kiyaye Allah zai kiyaye ka. Ki hada masu da neman shawarar babba, da addu'ar istihara wadda Jabir ya ce Annabi na koya masu ita kamar yadda yake koya masu sura.

Batun duka kuwa, eh hadisin Abu Dawud ya ce a umarce su da sallah suna da 7 a doke su a kanta suna da 10, amma ki kirga, shekara ukku kenan ana koyarwa ana lallashi kafin a zo maganar bulala, kuma kan sallah. Ibn Sahnun da ya rasu shekara ta 256 bayan hijira ya rubuta littafi sukutum kan ladubban masu koyarwa, ya ce malami kada ya wuce bulala ukku sai da izinin uba, kuma kada ya yi duka don huce fushinshi. Ibn Khaldun a Mukaddima ya ware fasali kan cewa tsanantawa na cutar da dalibi, tana koya mashi karya da yaudara da nuna abinda ba shi ne a zuciyarshi ba saboda tsoro. Wallahi wannan muna ganinshi da ido, yaro lumbu-lumbu gaban uba, in ya bar kofar gida wani mutum ne daban. Anas ya yi ma Annabi hidima shekara 10 bai taba ce mashi ko tir ba. Kuma in dokar makarantarku ta hana duka to ki tsaya kan dokar, sharadi ne da kika dauki aiki a kanshi.

Abinda nake so iyaye su gane, mai tallar kwaya ba ya zuwa lokacin da uba ke tsaye da dorina. Tun 2018 gwamnatin tarayya ta hana hadawa da shigo da maganin tari mai kodin amma shaye-shaye bai bar unguwanninmu ba, ga kauraye na jan kananan yara, ga caca a waya, ga TikTok cikin dare kowa na barci. A duk wadannan wuraren yaron shi kadai ne da zuciyarshi da Ubangijinshi, in bai saba auna abu ya ce a'a da kanshi ba, duk wanda ya fi shi baki shi zai ja shi.

Saura maganar kudin aji. A Mukhtasar, littafin fikihun Malikiyya, Shehu Khalil ya ce wanda ya ba yaro ko wawa ajiya ya salwantar, babu biya a kan yaron ko wawan ko da da izinin iyayenshi aka ba shi, domin mai bayarwar ne ya dora shi kan dukiyar. Ya bambanta da yaron da ya barnata abinda ba a ba shi amanarshi ba, kamar ya fasa gilashin taga, wannan kam ana biya daga dukiyarshi. Don haka in yarinyar ba ta balaga ba, ba ki da hurumin tilasta iyayenta, kuma tunda kudin na sauran yara ne ke kika mika mata, abinda nake gani ki cike gibin daga aljihunki. In ta balaga kuma tana da wayon kudi to bashi ne a wuyanta ita, ba iyayenta ba. Ko wanne ne, ki kira ta ku biyu kadai ba gaban aji ba, ki bari ta fadi abinda ya faru da bakinta don ta yiwu yunwa ce ko kudin mota, ki nuna mata girman amana, ki tambaye ta ta yaya take ganin za ta gyara. In ta ce za ta rika mayarwa kadan-kadan daga kudin abincinta na makaranta ki amsa. Kada kuma ki cire ta daga amana har abada, bayan wani lokaci ki sake ba ta abinda bai kai wancan ba, kuma daga yanzu kudin su rika kwana wurinki, yara biyu na rike da littafin lissafi ana kirgawa duk karshen sati.

Uban nan kuma ki bi ta hannun shugaban makaranta a gayyace shi cikin mutunci, in ya yarda ya zauna bayan aji ranar da kike wannan darasin ya ji da kunnenshi inda kuke tashi, in ya ga dama ma a ba shi dama ya yi ma yaran nasiha.

Wallahu a'alam.