Mama Na Kan Kemo, Ta Daina Cin Abinci

Tambaya: Salam likita, mahaifiyata ce ke da kansar mama, tunda aka fara mata kemo (maganin asibiti mai kashe ƙwayoyin kansa) sai tashin zuciya da gyambon baki, abinci ma bata iya ci, wasu kuma na cewa mu haɗa mata da maganin gargajiya. Ya zamuyi?

Amsa: Wa alaikis salam 'yar'uwa, Allah ya baiwa Mama lafiya, ke ma sannu da jinya. Tashin zuciyar nan akwai maganinsa, irin su ondansetron, ki faɗa wa likitanta kar kuyi ta haƙuri a gida. Abinci kuma kaɗan kaɗan sau 5 ko 6 a rana, mai laushi mara yaji, ta dinga kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi. Maganin gargajiya kam gaskiya ina tsoronsa, wani yana rage ƙarfin kemo wani kuma ya taɓa hanta, duk abinda za ta sha a fara nuna wa likita. Abinda nafi so ki riƙe, kemo na rage ƙwayoyin jini masu yaƙar cuta, musamman kwana 7 zuwa 14 bayan an yi, in zafin jikinta ya kai digiri 38 na Celsius a ma'aunin zafin jiki ku tafi asibiti nan take ko da tsakar dare ne.